Biskit mai cuku a kantunan Kaduna: wanne ya dace da bakinka da aljihunka?

Wanda ya tsaya gaban kantar biskit a ɗaya daga cikin manyan kantunan Kaduna, ko ya ratsa layin masu kayan shayi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, zai ga fakitoci da yawa ɗauke da hoton yankan cuku mai ruwan ɗorawa. Hoton kusan iri ɗaya ne a jikin kowanne. Abin da ke ciki kuwa ya bambanta nesa ba kusa ba, haka ma kuɗin, domin akwai wanda yaro zai saya da kuɗin tararsa na makaranta, akwai kuma kwalin da kuɗinsa zai yi cefanen yini guda. Mutum kan ɗauki mai tsadar da zaton ya ɗauki mafi daɗi, sai ya je gida ya tarar da biskit mai zaƙi da ƙamshin filebo, ko wanda ya sha iska tun kafin ya iso kanti.

Ina son biskit mai cuku, kuma raina yana ɓaci idan na ga mutum ya kashe kuɗi masu kauri a kan abin da ba shi ya yi niyyar saya ba. Sunan cuku da ke jikin fakiti abubuwa uku mabambanta yake rufewa, kuma duk wanda ya iya rarrabe su ya gama rabin aikin zaɓe. Sauran rabin yana hannun yanayin garinmu da doguwar tafiyar da kayan suke yi kafin su zo mana.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma mafi girma, shi ne inda cukun yake. Akwai biskit ɗin da ake zuba cukun gaske a cikin kwaɓinsa a gasa su tare. Akwai wanda kwaɓinsa na fulawa ne da mai, sai a sa masa garin cuku kaɗan da filebo don ƙamshi. Akwai kuma wanda biskit ne na yau da kullum aka shafa masa kirim mai ɗanɗanon cuku, ko a samansa ko a tsakanin guda biyu. Hanyar ganewa tana bayan fakiti. Ana jera kayan haɗin ne bisa nauyi, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan cuku ya zo na biyu ko na uku bayan fulawa da mai, to da gaske yana ciki. Idan sai da ka wuce sukari da gishiri sannan ka gan shi can wajen ƙarshe, ƙamshi kawai ka saya. Kayan da aka yi don kasuwar Turai da Ingila suna da wani sauƙin: dokarsu ta tilasta a rubuta kashi nawa cikin ɗari ne abin da aka ambata a sunan kayan, don haka za ka ga adadin cukun a rubuce kusa da sunansa.

Na biyu ɗanɗano. Cukun da ya daɗe a ajiye yana da ɗan tsami da kaifi a harshe, kuma idan aka gasa shi yakan ba da gardi. Filebo kuwa hanci yake fara bugawa, sai ya ɓace da zarar ka tauna. Kada launi ya ruɗe ka. Launin ruwan lemon da ake gani a jikin irin waɗannan biskit ba daga madara ya fito ba, daga 'ya'yan wani tsiro ne da ake kira anato da kuma garin jan tattasai marar yaji. Biskit zai iya yin ja jawur alhali cukun cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Na uku yadda yake a baki. Wani ƙaras-ƙaras yake, yana ƙara idan ka ciza. Wani rumus yake, yana narkewa tun kafin haƙori ya yi aiki, saboda man da ake fesa masa bayan ya fito daga wuta. Wani kuma falle-falle ne, domin an murza kwaɓinsa an ninke sau da yawa kafin gashi. Ƙananan hujojin da ke jikinsu ma ba ado ba ne, ta nan tururi yake fita don kada biskit ya kumbura ya karkace.

Na huɗu kuɗi, kuma a nan girman kwali yana yaudarar ido. A raba kuɗin da nauyin da aka rubuta. A ce, don misali kawai, fakiti mai giram 100 ana sayar da shi naira 1,500, kwali mai giram 350 kuma naira 7,000. Na farkon kowane giram ya tashi a naira 15, na biyun a naira 20, ke nan babban ya fi tsada duk da ana ganin kamar sari aka yi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin kayan waje bai zauna wuri ɗaya ba, shi ya sa zan faɗi matakin kowanne ne a kan sauran, lissafin ranar kuma mutum ya yi shi a gaban kanta da wayarsa.

Na biyar juriya. Biskit irin wannan busasshe ne ƙwarai, kuma busasshen abu danshi yake zuƙa. Daga watan Mayu zuwa Oktoba, musamman a Agusta da ruwa ke kwana yana zuba a Kaduna, fakitin da aka buɗe da safe zai iya yin laushi kafin la'asar. Da hunturu kuwa ko an bar shi a buɗe ba abin da zai same shi sai ƙura. Zafin Maris da Afrilu kuma mai yake ɓatawa: biskit ɗin da ya daɗe a shagon kwano marar iska yakan soma gafi, kirim ɗin tsakiya ya narke ya jiƙa shi. Saboda haka fakitin da aka rarraba ƙanana-ƙanana a ciki ya fi babbar leda ɗaya daraja a wurinmu, ko da ya ɗan fi kuɗi.

Sai sauƙin samu, da kuma haɗari, wato gishiri, halacci da ranar lalacewa. Waɗannan zan taɓo su a ƙarƙashin kowanne, sannan in tsaya a kansu daga baya.

Cheez-It

Wannan shi ne ma'aunin da nake gwada sauran da shi ta fuskar ɗanɗano. Ɗan Amurka ne, an fara yin sa a 1921 a garin Dayton na jihar Ohio. Ƙananan murabba'ai ne, kowanne faɗinsa wajen inci ɗaya, da huji ɗaya a tsakiya da baki mai zara-zara. Cukun a cikin kwaɓi yake, yana zuwa nan da nan bayan fulawa da mai a jerin kayan haɗi, kuma baki yana shaidawa. Akwai tsamin cuku, akwai gishiri a sarari, babu zaƙi. Gefensa da wuta ta fi kamawa yana da gardin da ke tuna wa mutum ƙanzon tukunyar shinkafa, kuma wannan gardin ne yake sa hannu ya riƙa komawa cikin kwali ba tare da an lura ba. A baki ƙaras-ƙaras yake, da ɗan falle-falle a ciki, ba ya narkewa sai an tauna.

Matsalarsa a Kaduna uku ce. Yana cikin mafi tsada. Ba kullum ake samun sa ba, yau ka gan shi a babban kanti, gobe ka koma ka tarar babu, har wasu sukan ba da saƙo a taho musu da shi daga Abuja. Sannan kwalin da aka fi gani leda ɗaya ce a ciki, idan ka farke ta da damina dole ka juye a roba mai murfi nan take. Ga kuma tafiyar da ya sha: jirgin ruwa zuwa Legas, zaman jira a tashar Apapa ko Tin Can, sannan bayan tirela zuwa Arewa cikin rana. Sabo yana da daɗin da babu na biyunsa a wannan jerin. Wanda ya tsufa kuwa man cikinsa ne yake fara magana kafin cukun. Ban ga amfanin biyan wannan kuɗi ba idan abin da ya rage wa ranar lalacewarsa bai wuce wata ɗaya ko biyu ba.

Goldfish da Mini Cheddars

Goldfish ƙananan kifaye ne na biskit. Kamfanin Kambly na ƙasar Suwizalan ne ya ƙirƙiro su a 1958, Pepperidge Farm ya kai su Amurka a 1962. Su ma cukun a kwaɓi yake, amma ɗanɗanon bai kai na Cheez-It kaifi ba, kuma cikinsu fanko ne, suna fashewa da sauƙi a baki ba tare da barin maiƙo sosai a yatsa ba. Don yara aka fi sayen su, yaran kuma siffar ce take jan su. Babba mai neman cuku zai ji kamar an rage masa wani abu. Tsada da wahalar samu duk ɗaya suke da Cheez-It.

Mini Cheddars na Ingila ne, ƙananan zagaye, sirara. Garin cuku ake zubawa a kwaɓinsu, kuma ana zubawa da ɗan yawa, don haka ɗanɗanon yana fitowa sosai. Sun fi Cheez-It maiƙo da taushi, rumus suke. Abin da ya fi burge ni da su shi ne yadda ake ɗaure su: babbar leda ɗauke da ƙananan fakitoci, kowanne cin mutum ɗaya. Wannan kaɗai ya sa suka fi 'yan Amurkan dacewa da damina. In an same su da ranar lalacewa mai nisa, su ne zaɓina na biyu a ɗanɗano.

TUC

Fakitinsa mai ruwan ɗorawa sananne ne. Asalinsa daga Beljiyam ne, tun 1958, yanzu kuma yana hannun kamfanin Mondelez a ƙasashe da yawa. Siffarsa doguwa ce da kusurwoyi huɗu a yanke. Siriri ne, mara nauyi, yana karyewa da ɗan ƙara sannan ya narke. Nau'insa mai cuku yana cikin rukuni na biyu, wato garin cuku da filebo a kan kwaɓi mai mai da gishiri. Ƙamshin yana tashi da an buɗe, amma abin da ya fi zama a harshe shi ne gishiri da maiƙo da ɗan zaƙin da ke can ƙasa.

Duk da haka ba na raina shi. Kuɗinsa matsakaici ne, ya fi waɗanda na ambata a sama sauƙin samu, kuma yana tafiya da shayi fiye da kowanne a cikinsu, musamman shayi mai madara da ba a cika wa sukari ba. Rauninsa a jiki yake. Saboda sirantarsa yana farfashewa, fakitin da aka jefa a jaka aka hau Keke Napep da shi daga kasuwa zuwa Rigasa ko Kawo zai iya isa gida rabinsa gari. Ka lallatsa fakitin a hankali kafin ka biya, in ka ji yana motsi a ciki ka canza wani. Abu ɗaya kuma da Musulmi zai kula da shi: TUC yana da nau'o'i da yawa a Turai, a cikinsu har da mai ɗanɗanon naman alade, kuma fakitocin suna kama da juna. A karanta sunan nau'in, kada a tsaya ga launi. Akwai ƙwai a cikin haɗin wasu nau'o'insa, ga wanda jikinsa ba ya karɓa.

Ritz mai kirim ɗin cuku

Ritz ya fito a 1934 daga kamfanin Nabisco na Amurka. Zagaye ne mai baki zara-zara, kuma a taushi babu wanda ya kai shi a nan, yana da ɗanɗano mai kama da na bota da ɗan zaƙi. Nau'in da ya shafe mu shi ne guda biyu da kirim a tsakani. Kirim ɗin yawancinsa mai ne da garin ruwan madara da garin cuku, ana jin gishiri da zaƙi a tare. Guda biyu ko uku na farko suna da daɗi ƙwarai, bayan nan sai ya fara ginsar mutum, ya bar wani maiƙo a dasashi wanda sai an kora da ruwan zafi. Zafi ne babban abokin gabarsa. Wanda ya kwana a mota ko a shagon da rana ke duka, kirim ɗinsa yakan saki ya shiga jikin biskit. Ana yin Ritz a ƙasashe daban-daban, kuma haɗin yana ɗan bambanta, don haka a duba ƙasar da aka yi wanda ke hannu.

Malkist da 'yan uwansa na Asiya

Malkist na kamfanin Mayora ne na ƙasar Indunusiya. Dogo ne mai faɗi, falle-falle sosai, yana da ƙara a baki har na kusa da kai ya ji, kuma yana zubar da ɓurɓushi a riga. Nau'in cukun an shafa masa kirim ne, kuma kirim ɗin mai zaƙi ne. Haka ma yawancin masu kirim da ke zuwa daga Malesiya, irin su Julie's da Lexus na kamfanin Munchy's. Mutanen can suna son cuku da sukari a haɗe, kuma biskit ɗinsu a kan wannan ɗanɗanon aka gina shi.

A nan ne ake yawan yin kuskuren saye. Wanda ya ɗauko Malkist yana neman tsami da gishirin cuku zai ce an cuce shi, alhali ba haka ba ne, abin da ya ɗauko ɗan'uwan kayan zaƙi ne. Wanda kuma bai saba da cuku ba, wanda warin cukun Turawa yake tayar masa da zuciya, shi zai ce wannan ne mafi daɗi a duk jerin. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ta fuskar kuɗi suna ƙasa da na Turai da Amurka, da yawansu suna zuwa a ƙananan fakitoci, kuma galibi suna ɗauke da tambarin halal na hukumomin ƙasashensu, wato JAKIM a Malesiya, MUI ko hukumar gwamnati mai kula da halal a Indunusiya. Wannan tambari yana kwantar da hankalin uwargida ba kaɗan ba.

Kiraka na gida da cuku daban

Wannan ba biskit mai cuku ba ne a fakiti, amma na sa shi domin a ganina shi ne ya fi dacewa da gidaje da yawa. Ana yin kiraka, wato busasshen biskit marar kirim, a Nijeriya: Beloxxi yana da masana'anta a Agbara ta jihar Ogun, Yale a Ibadan, Nasco kuma ga shi nan kusa da mu a Jos. Ana samun su tun daga babban kanti har teburin mai shayi a Tudun Wada ko Unguwar Rimi. Da yake ba su tsallako teku ba kuma ana saye ana kawo wasu kullum, sukan iso sababbi, kuma sabuntar nan ita ce abin da kayan waje suka fi rasawa. Beloxxi yana da ƙaras da ɗan zaƙi kaɗan, ƙananan fakitocinsa kuma ba sa ba danshi dama.

Sai ka nemi cukun daban. Mafi sauƙi shi ne mai kusurwa uku da ke zuwa guda takwas a zagayen kwali, irin The Laughing Cow na kamfanin Bel na Faransa, wanda shi ma a 1921 ya fito. Kowane yanki a naɗe yake da takardarsa, sai wanda za ka ci za ka buɗe, kuma ɗaya yana isar kiraka uku ko huɗu. Yana da taushi da ɗanɗanon madara, ba shi da kaifi. Mai son kaifi ya sayi ɗan dunƙulen cukun Cheddar ya yanka siriri ya ɗora, sai dai wannan yana son firji, kuma kowa ya san yadda wuta take. Akwai kuma busasshen cukun Buzaye da ake kawowa daga Nijar a falle-falle, wanda aka busar da shi tun asali don ya jure tafiya da zafi. A ɗan gasa shi a kan garwashi, a ɓantara a haɗa da kiraka da shayi. Wanda ya gwada wannan zai gane nisan da ke tsakanin cuku da filebo.

Abin da wannan hanya ta rasa shi ne gardin cukun da aka gasa a cikin kwaɓi, da kuma sauƙin a farke leda a ci. Tana son wuƙa ko cokali da faranti. Amma kai ne ke da iko da yawan cukun, ka san abin da ka ci, kuma idan aka yi lissafin giram da giram tana ƙasa da kwalin Amurka da nisa.

| Nau'i | Inda cukun yake | Ɗanɗano | A baki | Kuɗi | Juriya bayan buɗewa | Samuwa a Kaduna |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Cheez-It | Cikin kwaɓi | Tsami, gishiri, gardi | Ƙaras-ƙaras | Tsada sosai | Kaɗan, sai an juye a roba | Jefi-jefi |
| Goldfish | Cikin kwaɓi | Sassauƙa | Fanko, mara nauyi | Tsada sosai | Kaɗan | Jefi-jefi |
| Mini Cheddars | Garin cuku a kwaɓi | Cuku da maiƙo | Rumus | Tsada | Mai kyau, ƙananan fakitoci | Jefi-jefi |
| TUC | Garin cuku da filebo | Gishiri, ƙamshi | Siriri, yana narkewa | Matsakaici | Kaɗan, yana farfashewa | Manyan kantuna |
| Ritz mai kirim | Kirim a tsakani | Gishiri da zaƙi | Taushi sosai | Matsakaici zuwa tsada | Ba ya son zafi | Manyan kantuna |
| Malkist da makamantansa | Kirim mai zaƙi | Zaƙi ya rinjaya | Falle-falle | Da dama-dama | Mai kyau | Da sauƙi-sauƙi |
| Kiraka na gida da cuku daban | Kai za ka ɗora | Ya danganta da cukun | Ƙaras | Mafi araha | Mai kyau | Kiraka ko'ina, cuku a kanti |

Gishiri, halacci da ranar lalacewa

Gishirin da ke cikin waɗannan kaya ya fi yadda harshe yake faɗa. A jikin kwalin Cheez-It an rubuta cewa guda 27, wato giram 30, suna ɗauke da miligiram 230 na sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Goldfish guda 55, su ma giram 30, miligiram 250. Idan ana son a mayar da sodiyam gishiri sai a ninka shi sau biyu da rabi, ke nan cikin tafin hannu ɗaya akwai fiye da rabin giram na gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a yini, duk abincinsa a haɗe, har da miyar da aka sa wa dunƙulen magi. Kuma wa ke tsayawa a guda 27? Mai hawan jini ya zuba abin da zai ci a faranti ya mayar da kwalin ɗaki. Mai ciwon suga kuma masu kirim ne ya kamata ya yi hattara da su, domin fulawa ce da sukari a haɗe.

Maganar halacci tana kan abin da ake daskarar da madara da shi ta zama cuku. A gargajiyance daga tumbin ɗan maraƙi ake ciro shi. Yanzu masana'antu da yawa suna amfani da wanda ake samarwa daga ƙananan halittu ba tare da an taɓa dabba ba. Matsalar ita ce fakitocin Amurka kan rubuta "enzymes" kawai, ba su faɗi daga ina ba. Malamai sun yi saɓani a kan wanda aka ciro daga dabbar da ba a yanka ta bisa shari'a ba, kuma wannan hukunci a wurin malaminka za ka nema. Wanda yake son ya kauce wa shakka gaba ɗaya yana da hanyoyi biyu: ya nemi tambarin halal, ko kuma a kayan Ingila da Turai ya nemi alamar da ke nuna kayan sun dace da masu ƙin cin nama, domin ba a sa wannan alama ga cukun da aka yi da abin tumbin dabba.

A duba lambar NAFDAC, ko a kayan gida ko a na waje. Sannan a karanta rana da kyau. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, Turawan Ingila da Turai kuma rana sannan wata, don haka 03/10 a kwalin Amurka 10 ga Maris ne, a fakitin Turai kuma 3 ga Oktoba. Kusan wata bakwai ne tsakani. Idan ka ga an liƙa takarda a kan wurin ranar, ko rubutun ya goge, ajiye shi. Haka idan aka karya farashin kayan waje ƙasa warwas, ka tambayi kanka dalili, sau da yawa kwanakinsa ne suka kusa ƙarewa. Biskit ɗin da laushi kawai ya yi yana da magani: a baza shi a busasshen kasko a kan wuta kaɗan, ko a obin na 'yan mintoci, a bar shi ya huce, zai dawo da ƙarasa. Wannan ba ya yi wa masu kirim, kuma wanda ya yi gafi ba abin da zai gyara shi.

Wa ya dace da wanne

Mai neman ɗanɗanon cuku na gaske, wanda kuɗin ba zai taɓa cefanensa ba, ya ɗauki Cheez-It in ranarsa tana da nisa, in babu ya ɗauki Mini Cheddars. Ya fi kyau ya saya da hunturu, ko ya tanadi roba mai murfi tun kafin ya buɗe.

Uwar da ke haɗa wa yara abin tafiya makaranta, ƙananan fakitocin Malkist ko kiraka na gida da yankan cuku ɗaya sun ishe ta, kuma na biyun ya fi riƙe ciki ba tare da sukari mai yawa ba. Goldfish a bar shi sai ranar wata hidima. Ƙananan yaran da ba su gama iya tauna ba kuma a zauna kusa da su idan suna ci, kowane iri ne.

Idan baƙi ne za su zo, barka da Sallah ko zaman suna, TUC a faranti kusa da cincin da dabino yana da kyan gani kuma kusan kowa yana iya ci. A buɗe shi lokacin da suka zauna, kada a jera tun safe. Ritz mai kirim ma ya yi, in dai za a cinye a zama ɗaya.

Matafiyi, ko jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ko mota zuwa Zariya da Kano, ya guji mai kirim saboda zafi, ya guji TUC saboda karyewa. Ƙananan fakitocin Mini Cheddars ko na kiraka su ne ke isa lafiya, kuma ya riƙe ruwa domin gishirin zai sa shi ƙishirwa.

Mai shago a unguwa da ke tunanin sarowa ya fara da abin da ke fita da sauri, wato kiraka na gida da 'yan Asiyan nan masu ƙananan fakitoci. Kwalin Amurka a shagon kwano kuɗi ne a kwance, kuma kowane mako na zafi yana rage masa daraja.

Gidan da ake shan shayi safe da yamma, ana kuma lissafin kuɗin wata, katan ɗin kiraka na gida da kwalin cuku mai kusurwa uku shi ne shawarata. In an samu busasshen cukun Nijar a hannun wanda aka yarda da tsaftarsa, a ƙara da shi.